Idan hawan jini ya ƙi jin magani: abin da na koya a jinyar Baffana

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Ringim. Baffana, ƙanen mahaifina, manomin rani ne. Shekara biyu ya yi yana shan maganin hawan jini kala uku, bai taɓa tsallake rana ba, amma duk lokacin da na auna shi sai in ga lambar sama ta haura 160. Daga baya ƙafa ta fara yi masa nauyi, ƙwaurinsa yana ɗaurewa da dare, ga tashi fitsari sau huɗu kafin asuba. A gida aka ce sanyi ne. Ranar da ya kasa ɗagowa daga sujada sai da aka kama shi, na durƙusa na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, gobe Kano za mu."

A can ne likita ya kira sunan da na karanta a makaranta na bar shi a takarda: aldostiron.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, nauyinta giram 4 zuwa 5. Ita ke fitar da wannan sinadari cikin jini. Saƙon da yake kai wa ƙoda guda ne: riƙe gishiri, saki fotasiyam, wani sinadari da naman jiki da zuciya ke buƙata don su yi aiki, ya bi fitsari. Duk macen da ta bar gishiri a buɗe da damina ta san yana jawo ruwa har ya jiƙe. Haka yake a jiki. Idan ƙoda ta riƙe gishiri, ruwa ya biyo shi, jini ya ƙara yawa a jijiya, kamar tiyon injin ban ruwa da aka buɗe wa mai.

Wannan rahama ce. Manomin da ya yini yana gumi a watan Afrilu, mai azumi, yaron da gudawa ta kama, duk jininsu yana raguwa. Ƙoda ce ke fara ji, sai ta saki wani sinadari, renin, wanda ta hanyarsa saƙo ke isa ga hular nan ta ƙara aldostiron. Har gishirin da ke fita a gumi, aldostiron yana rage shi. Matsala tana zuwa ne idan tsokar ta ci gaba da zubo shi ba tare da an nema ba, ko don wani ɗan ƙari ya fito a gefe ɗaya, ko don duka biyun sun kumbura. Wani likitan Amurka, Jerome Conn, shi ya bayyana cutar a 1955, shekara biyu bayan an gano sinadarin a Landan a 1953. Likitoci suna ƙiyasta cewa cikin masu hawan jini 100, mutum 5 zuwa 10 wannan ne sanadinsu.

To, ga yadda za ku yi.

Ku fara da awo na gaskiya, don lambar da aka ɗauka a gurguje tana yaudara. Mutum ya yi fitsari tukuna, ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, ƙafa a ƙasa, hannu a kan teburi daidai ƙirji. Ban da goro, shayi ko taba minti 30 kafin awon, kuma ban da hira lokacin da ake yi. A auna sau biyu, a rubuta da kwanan wata a ɗan littafi. Idan lamba tana kai 140 a kan 90 ko fiye a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Littafin da na riƙe wa Baffa shi ya sa likita bai ɓata lokaci ba.

Sai tukunya, kuma a nan na fi daɗewa da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa duk abin da aka ci. Matar Baffa ta rantse mini ta daina sa gishiri. Gaskiya ta faɗa, amma dunƙule huɗu take jefawa a miyar kuka, ga kanwa a wake, ga kanwa a ɗanwake, ga yajin da aka daka da dunƙule. Dunƙule gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Kanwa kuwa, sodiyam ɗin da ke cikin gishiri shi ne a cikinta, kuma shi ƙoda ke riƙewa. Na ce, "Inna, ku raba komai biyu, ku ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta." Kada ku yanke lokaci guda, gida zai ƙi abincin. A rage sannu a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Wake, dankalin Hausa, zogale, alayyafo, tumatir da dabino suna da fotasiyam, suna taimakawa, sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita su.

Ku duba aljihun mara lafiya. Haɗin maganin gajiya da ake saya bayan an taso daga gona galibi akwai dikulofenak ko ibuforofen a ciki, kuma su ma suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, su karya aikin maganin hawan jini.

Idan duk an yi wannan, ana shan magani kala uku yadda aka rubuta amma jini bai sauka ba, ko hawan jinin ya kama matashi, ko ya zo da kasala da ɗaurewar tsoka da yawan fitsarin dare, ku nemi takardar turawa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku buɗe baki ku ce a duba fotasiyam da lafiyar ƙoda, ku tambaya ko ya kamata a auna aldostiron da renin. Da yawa cikin masu cutar fotasiyam ɗinsu daidai yake, don haka kyawun wannan sakamakon kaɗai bai isa a rufe magana ba. Ku tafi da duk kwalayen magani, domin wasu suna canza sakamakon gwajin. Likita ne zai ce a dakatar da wani, ba ku ba. Na damu da wannan ne saboda yawan aldostiron yana lahanta zuciya da ƙoda, yana kuma jawo shanyewar ɓarin jiki fiye da hawan jini na yau da kullum.

Idan ƙari ne a gefe ɗaya, ana iya cire tsokar da tiyata. Idan duka biyun ne, ana ba da sifironolakton, maganin da ke toshe saƙon kafin ƙoda ta karɓa. Kada kowa ya saya da kansa a kemis. Yana iya tara fotasiyam har ya taɓa bugun zuciya, shi ya sa ake maimaita gwajin jini bayan an fara, kuma wasu maza nononsu kan kumbura. Mai juna biyu lallai ta faɗa wa likita.

Akwai kuma akasin haka, inda tsokar ta gaza, sau da yawa saboda tarin fuka ya cinye ta. Mutum ya rame, fata da dasashi su ƙara duhu, jiri ya ɗebe shi in ya miƙe, ya riƙa kwaɗayin gishiri. Wannan ba a hana shi gishiri, asibiti ake kai shi da gaggawa. Haka mai gudawa da amai: a ba shi ruwan gishiri da sukari, lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri.

Na Baffa duka gefe biyu ne, magani aka ba shi. Duk ranar Asabar yakan biyo ta gidana da littafinsa a aljihu in auna shi kafin ya wuce fadama. Awon makon jiya 132 a kan 84 na rubuta.