Yadda Ake Ƙalubalantar Labarin Ƙarya da Gurguwar Hujja a Muhawarar Intanet

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gyara wata magana marar tushe a Facebook ko X ko WhatsApp ya san cewa riƙe gaskiya kaɗai ba ya wadatarwa. A shekarar 2018 wasu masu bincike na jami'ar MIT da ke Amurka sun wallafa sakamakon nazarinsu a mujallar Science, bayan sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter (wanda yanzu ake kira X) tsakanin 2006 da 2017. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma labarin gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi damuna a sakamakon shi ne mutane ne da hannunsu suka haifar da wannan bambanci, ba manhajojin da aka tsara don watsa saƙo ba. Saboda haka mai son gyara yana buƙatar tsari, kuma ya tuna cewa galibin waɗanda zai amfanar su ne masu karatu a shiru, waɗanda ba za su taɓa sa baki a muhawarar ba.

Mataki na farko shi ne ka tantance ainihin abin da aka faɗa. Akwai maganar da ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa, kamar a ce wani magani yana warkar da wata cuta ko wani shugaba ya furta kaza, akwai kuma ra'ayi, kamar a ce wata doka ba ta dace ba. Ra'ayi ana tattauna shi ne, ba a ƙaryata shi. Ka taƙaita da'awar a jimla guda, idan kuma da shubuha ka tambayi mai ita: "Kana nufin duka ne, ko wasu daga ciki?" Sau da yawa wannan tambaya kaɗai takan sa mutum ya sassauta abin da ya faɗa.

Mataki na biyu shi ne bincike, kuma nan ne ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Ka nemi asalin labarin: wane ne ya fara faɗa, a ina ya ji, kuma yana da hanyar sanin abin da yake faɗa? Malaman hadisi sun kafa ilimi sukutum a kan wannan tambaya, inda suke bin isnadi mutum bayan mutum suna auna amincin kowane mai ruwaya, kuma saƙon da ya fara da "wani likita ya ce" ba tare da suna ko wuri ko kwanan wata ba, ko matakin farko na irin wannan awo ba zai tsallake ba. Idan shafi ne da ba ka sani ba, kada ka ɓata lokaci kana karanta abin da ya faɗa game da kansa. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada malaman tarihi da ɗalibai da ƙwararrun masu tantance labarai a 2017, suka ga ƙwararrun sun fi kowa sauri da dacewa, domin su nan take suke barin shafin su je su duba abin da wasu majiyoyi suka ce a kansa, alhali sauran suna ruɗuwa da kyawun tambari da tsarin rubutu.

Hoto da bidiyo suna buƙatar kulawa ta musamman, domin mun saba da cewa gani ya kori ji, kuma masu yaɗa ƙarya da wannan sabo suke cin kasuwarsu. Da yawa daga cikin hotunan yaudara ba ƙirƙirar su aka yi ba, tsofaffi ne na gaskiya da aka ɗauko daga wata ƙasa ko wata shekara aka liƙa musu sabon bayani. Ka saka hoton a manhajar binciken hoto kamar Google Lens ko TinEye domin ka ga inda ya fara bayyana. Idan bidiyo ne, ka tsayar da shi a wurin da hoto ya fito sosai, ka ɗauki hoton allon, ka yi masa irin wannan bincike. Sannan ka lura da ƙananan abubuwa: harshen da ke kan allunan shaguna, launin lambar mota, kakin jami'an tsaro, gefen titin da motoci suke bi, yanayin itatuwa da tufafin mutane. Idan an ce abin ya faru jiya amma ka tarar da hoton a wata jarida ta shekaru biyar da suka wuce, aikinka ya ƙare, sai dai ka nuna.

Mataki na uku shi ne ka zaɓi magana guda ka tsaya a kanta. Wani masanin manhajar kwamfuta ɗan Italiya, Alberto Brandolini, ya lura a 2013 cewa wahalar rushe shirme ta ninka wahalar ƙirƙirarsa nesa ba kusa ba. Wasu masu muhawara da gangan suke jero da'awa goma sha biyar a saƙo ɗaya, domin sun san ba za ka iya amsa duka ba, kuma duk wadda ka bari za a ce ka kasa. Ka ɗauki wadda sauran suka dogara a kanta, ka bayyana cewa da ita za ka fara, kuma kada ka yarda a ja ka zuwa wata kafin a kammala ta.

Mataki na huɗu shi ne tsara amsar. Ka fara da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar sau ɗaya kawai tare da bayyana cewa ba haka ba ne, ka faɗi inda ta samo asali, sannan ka koma kan gaskiyar. Dalilin wannan tsari shi ne tun a 1977 masana halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maimaita magana yana sa a ƙara gaskata ta, ko da ba ta da tushe, don haka mai gyara da yake ta nanata ƙaryar yana iya yi mata talla ba da saninsa ba. Haka kuma bai isa ka ce "ƙarya ce" ka tafi ba, domin ka bar wa mai karatu giɓi a cikin fahimtarsa, kuma idan ba ka cike shi da bayani mai gamsarwa ba, tsohon labarin zai dawo ya zauna.

Ga misali. Wani ya rubuta cewa allurar rigakafin ƙyanda tana jawo wa yara cutar galahanga ta otizim. Amsa mai kyau za ta ce: wani bincike da aka yi a Denmark a kan yara fiye da 650,000, wanda aka wallafa a 2019, bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da wannan lalura ba. Zargin ya samo asali ne daga wata maƙala da likita Andrew Wakefield ya buga a mujallar The Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal, wadda mujallar ta janye a 2010, a shekarar da hukumar likitocin Birtaniya ta soke lasisinsa. Sannan sai ka ba da bayanin da zai cike giɓin: alamomin lalurar sukan fara bayyana ne a daidai shekarun da ake yi wa yara allurar, shi ya sa iyaye suke ganin kamar ɗaya ce ta haifar da ɗaya. Iyayen da suka yi wannan zato ba wawaye ba ne, damuwa da 'ya'yansu ce ta kai su, kuma ya kamata amsarka ta nuna ka san haka.

Mataki na biyar shi ne nuna inda hujjar ta karye. Misalin da ya gabata ya ƙunshi kuskuren da ya fi kowane yawa, wato ɗaukar cewa duk abin da ya biyo bayan wani abu, shi ne ya haddasa shi. Akwai kuma barin magana a koma sukar mai maganar, da murɗe abin da ka faɗa zuwa wani abu mai sauƙin rushewa, da ƙuntata zaɓi zuwa biyu alhali akwai na uku da na huɗu, da kafa hujja da labarin mutum ɗaya a kan al'umma gaba ɗaya. Akwai "ai kowa ya sani", da "ai su ma sun yi", da jingina magana ga mai babban muƙami a fannin da ba nasa ba, kamar a kawo farfesan injiniya ya yanke hukunci a kan ƙwayoyin cuta. Tun zamanin Aristotle, masanin falsafar tsohuwar Girka, ake lissafa irin waɗannan kurakurai, amma jefa wa mutum sunan kuskuren ba ya gamsar da kowa. Abin da ya fi aiki shi ne ka ɗauki salon hujjarsa ka ɗora a kan wani abu da ku biyu kuka yarda ba daidai ba ne. Wanda ya ce fasahar 5G ce ta kawo korona saboda sun bayyana a lokaci guda, zargin da ya sa aka ƙona turakun sadarwa a Birtaniya a 2020, sai ka tambaye shi yadda cutar ta yaɗu a ƙasashen da a lokacin ba su da 5G ko kaɗan. Ka kiyaye kuma, raunin hujjar mutum ba ya tabbatar da cewa abin da yake faɗa ƙarya ne. Yana nuna kawai cewa bai kafa shi ba tukuna, kuma adalci ne ka tsaya a nan.

Mataki na shida ya shafi mutunci. Mutum ba ya janye magana a gaban jama'a idan janyewar za ta zame masa abin kunya, don haka ka bar masa ƙofar fita: "Wannan hoton ya ruɗi mutane da yawa, ga inda ya fito." Idan dattijo ne ko ɗan'uwa, ka tura masa bayanin shi kaɗai da ladabin da ya dace da shi, ka roƙe shi ya gyara da kansa. Inda yake da gaskiya ka faɗa a fili. An daɗe ana tsoron cewa gyara yana ƙara wa mutane taurin kai ne, amma wani babban bincike da masanan kimiyyar siyasa Thomas Wood da Ethan Porter suka yi a kan mutum fiye da 10,000 ya nuna cewa galibin mutane suna matsawa kusa da gaskiya idan aka kawo musu ita, ko da ba su furta ba.

Mataki na ƙarshe shi ne sanin lokacin tsayawa. Ka tambayi abokin muhawararka wace irin hujja ce za ta sa ya sauya ra'ayi, kuma ka kasance a shirye ka amsa wannan tambaya idan ya mayar maka da ita. Idan ya ce babu, ko ya koma zagi, ko ya ci gaba da sauya batu bayan amsa biyu ko uku, ka bar bayaninka da majiyarsa a inda masu karatu za su gani, ka daina amsawa, domin kowace sabuwar amsa tana sa manhajar ta ƙara nuna saƙon ga wasu mutane. Idan kuma saƙon yana iya jawo asarar rai, kamar maganin bogi ko tunzura jama'a a kan wasu mutane, kada ka sake yaɗa shi ko da da niyyar gargaɗi ne. Ka kai ƙorafinsa ta maɓallin da dandalin ya tanada, sannan ka rubuta gyaran a matsayin saƙo mai zaman kansa.