Firimiyam ikonomi a tafiyar hutu zuwa tsibiri: yaushe zaka ƙara kuɗin, yaushe zaka riƙe abinka

Duk wanda ya taɓa zama zai yanki tikitin zuwa hutu irin su Maldives ko Mauritius ko Bali ya san wurin nan da shafin kamfanin jirgi yake tsayar da mutum, ka gama zaɓen rana ka gama saka suna sai kawai kaga an nuno maka hoton wata kujera mai faɗi ana cewa ƙara kaza ka koma firimiyam ikonomi, wato ajin da ke tsakanin ikonomi da bizines. Toh ni dai ra'ayina a fili yake, in tafiyar doguwa ce kuma cikin dare za a yi ta, kuɗin nan ba asara bane ko kaɗan, in kuwa gajeriya ce ko da rana za a yi, riƙe kuɗinka ka je ka kashe su a can inda zaka. Sai dai tafiyar tsibiri tana da nata salon da ba irin na sauran tafiye-tafiye ba, shi yasa nake so mu bi abin a hankali kafin ka danna biya.

Da farko ka san me kake saya. Wannan ajin ba sabon abu bane, tun 1992 kamfanonin EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Birtaniya suka fara shi, daga baya sauran suka biyo sahu, Lufthansa a 2014, Singapore Airlines a 2015, Emirates ma sai a 2021 suka shigo. Babban abin da kake biya shine wuri. A ikonomi tazarar da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka yawanci inci 31 ce ko 32, a firimiyam kuma inci 38 ce a mafi yawan kamfanoni, na Emirates ya kai 40. A takarda kamar ba wani abu bane, amma dogon mutum ya san ma'anar wannan inci shida ko bakwai ɗin, shine bambancin gwiwarka tana gogar aljihun kujerar gaba awa goma da kuma ka miƙe ƙafa har ka ɗora ɗaya kan ɗaya. Faɗi ma ya fi, jirgin Boeing 777 da ake jera mutum goma a layi ɗaya a baya, 3-4-3, a firimiyam mutum takwas ne 2-4-2, Boeing 787 kuma daga tara ya koma bakwai, 2-3-2. Kujerar tana kwantawa baya fiye da ta ikonomi, akwai wurin ɗora ƙafa, sikirin ya fi girma, abinci ana kawo shi a faranti na gaske, kuna riga mutanen baya shiga da fita, sannan yawanci ana baka jaka biyu masu kilo 23 kowacce.

Abin da baka saya ba shine gado. Don Allah ka cire wannan a ranka tun yanzu, kujerar bata shimfiɗewa kamar ta bizines, a zaune zaka yi barcinka, kawai dai zaman ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Falon jira na filin jirgi ma yawanci baya ciki, kamfanonin Japan irin su JAL da ANA ne suka yi fice wajen haɗawa da shi.

Kuma akwai tarkon suna da yake cin mutane sosai. A kamfanonin Amurka akwai abin da ake kira Economy Plus a United, Delta Comfort (wanda a da ake kira Comfort+) a Delta, Main Cabin Extra a American, waɗannan duk kujerar ikonomi ce ta yau da kullum aka ɗan ƙara mata wurin ƙafa shikenan, faɗin ɗaya ne, kwanciyar ma kusan ɗaya. Firimiyam na gaske a wurinsu sunansa daban, Premium Plus a United, Premium Select a Delta, a British Airways kuma World Traveller Plus. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka buɗe taswirar kujerun jirgin ka ƙirga kujerun layi ɗaya, in yawansu ɗaya ne da na baya to ba wani aji daban bane, kar ka biya masa kuɗin aji daban.

Yanzu ga inda tsibiri ya bambanta. Da wuya ka samu tafiyar tsibiri da jirgi ɗaya zai ɗauke ka ya dire ka a bakin otal, a gutsure take zuwa, babban jirgi, sai yada zango a wani gari, sai wani jirgin, wani lokacin ma sai ƙaramin jirgi mai farfela ko jirgin ruwa a ƙarshe. Saboda haka kar ka kalli jimillar awannin tafiya, ɗauko takarda ka rubuta kowane zango daban, awa nawa ne, dare ne ko rana, wane irin jirgi ne. Misali wanda zai tashi daga Landan kai tsaye zuwa Mauritius wajen awa 12 zai yi a sama, zuwa Maldives sama da awa 10, kuma jiragen da yamma suke tashi a kwana a hanya, wannan kam shine ainihin wurin da aka yi firimiyam dominsa. Amma wanda zai tashi daga Dubai zuwa Male, babban birnin Maldives, awa huɗu ne da 'yan mintuna, zuwa Seychelles huɗu da rabi, Singafo zuwa Bali bai kai awa uku ba, kafin a gama raba abinci a kwashe faranti an fara shirin sauka, me ka mora? Irin su Landan zuwa tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen kuwa yawanci ƙananan jirage ne masu hanya ɗaya a tsakiya, A320 ko Boeing 737, babu ma wannan ajin a cikinsu, iyakaci ka sayi kujerar bakin ƙofar gaggawa ka miƙe ƙafa.

Ni ma'aunina, ƙasa da awa biyar ban ga dalili ba sai in mutum yana da larura, tsakanin biyar da bakwai ya danganta da kuɗin, daga awa takwas zuwa sama kuma cikin dare ina goyon baya ɗari bisa ɗari.

Abin da yasa nake nanata maganar dare, hutun tsibiri gajere ne kuma kowace rana da tsadarta. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni don kwana biyar ko bakwai, ya kwana a takure wuya ya sage ƙafa ta kumbura, ya sauka da safe, otal kuma yawanci ba sa bada ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, ya zauna a risefshan yana gyangyaɗi, ana bashi makulli ya faɗa gado sai dare, ranar farko ta tafi kenan kuma an caje shi kuɗinta cif. In ƙarin kuɗin kujera zai sa ka samu barcin awa biyar mai kyau ka sauka da ƙarfinka ka shiga ruwa tun ranar, to ka sayi kwana guda ne na hutunka da zai salwanta. Shi yasa lissafin da nake bayarwa mai sauƙi ne, ka kwatanta ƙarin kuɗin zango ɗaya da kuɗin kwana ɗaya a otal ɗin da ka kama. In ƙarin bai kai kuɗin kwana ɗaya ba, saya. In ya kai kuɗin kwana biyu ko uku, gara ka tsaya a ikonomi ka ƙara kwana a tsibirin, ko ka kama ɗakin tun daren da ya gabaci ranar isowarka don kana isa ka shiga ka kwanta.

Kuma ba dole bane ka saya zuwa da dawowa. Mutane da yawa basu san ana iya haɗawa ba, ka tafi a ikonomi ka dawo a firimiyam ko akasin haka. Dubi tafiyar Turai zuwa tsibiran Karebiyan irin su Barbados, wajen awa tara ce, tafiya da rana ake yi, kana kallon fim kana hira lokaci ya wuce, dawowar ce ake yi cikin dare, ga shi wasu washegari zasu koma aiki. A nan dawowar zaka saka wa kuɗi. Haka masu dawowa daga Hawaii zuwa cikin Amurka, jirage da yawa na dare ne. Wanda zai tashi daga Birtaniya ma akwai ƙarin dalili, harajin da gwamnatinsu take ɗorawa fasinjan jirgi mai tashi daga ƙasar kashi-kashi ne, mafi ƙanƙantar ajin jirgi ne kawai yake biyan mai sauƙin, da ka matsa firimiyam ka shiga na sama wanda ya ninka shi fiye da sau biyu a dogon zango, amma a dawowa wannan harajin baya hawa kanka.

Maganar kaya kuma a nan ne nake ganin mutane suna ruɗin kansu. Za kaji ana cewa ai ko don jaka biyun nan ma ya biya kuɗinsa. A tafiyar tsibiri ba lallai ba. A Maldives in otal ɗinka yana nesa da Male, daga filin jirgin Velana jirgin sama mai sauka kan ruwa zaka hau, ɗan ƙarami ne ƙirar Twin Otter da baya ɗaukar mutum ashirin, kuma ƙa'idarsu yawanci kilo 20 ne na jaka da kilo 5 na hannu, abin da ya haura sai ka biya a kan kowane kilo. Toh ka kwaso kilo 46 saboda babban jirgi ya baka dama, ka zo nan a auna, ribar da kake tunanin ka ci ta koma hannun wasu. Haka abin yake a ƙananan jiragen da suke kai mutane daga Mahe zuwa Praslin a Seychelles ko daga Tahiti zuwa Bora Bora, mafi ƙanƙantar jirgi a tafiyarka shi zai yanke maka yawan kayan da zaka ɗauka. Balle ma kayan bakin ruwa ba su da nauyi, sai dai in kai mai nutso ne da kayan aikinka. Wani abu kuma a gefe, jiragen nan masu sauka kan ruwa da rana kawai suke tashi, in babban jirginka ya iso da yamma lis to kwana ya kama ka a kusa da filin jirgi, don haka lokacin isowa ya fi irin kujera muhimmanci, kar ka zaɓi jirgin da zai iso a makare don kawai yana da firimiyam.

Waye kake tafiya da shi ma yana canza amsar. Ga ma'aurata, musamman sabbin aure, kujeru biyun nan na gefen taga abu ne mai daɗi wallahi, ku biyu ne kawai, babu baƙo a gefe da za a dinga ce wa ɗan tashi in wuce. Ga dogo, ko mai jiki, ko dattijo mai ciwon baya ko gwiwa, ko mai juna biyu da likita ya yarje mata tafiya, ni a wurina wannan ba alatu bane, kula da lafiya ne. Amma fa kar faɗin kujera yasa ka maƙale a wuri ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa bayan zaman awa huɗu babu motsi, ko wane aji kake ka dinga tashi kana ɗan takawa kana shan ruwa.

Masu ƙananan yara kuwa ku dakata ku yi tunani. Na farko kuɗin ninkawa zai yi da yawan kawunanku, yaro ɗan shekara huɗu kuma ƙafarsa ko ƙasa bata taɓawa, me zai yi da inci 38? Na biyu wanda mutane basu cika sani ba, a mafi yawan kujerun firimiyam madogarin hannun da ke tsakani a kafe yake baya ɗagawa, don a ciki ake ɓoye tebur ko rimot, kenan yaro ba zai iya miƙewa ya ɗora kai a cinyar mamansa ba, alhali a ikonomi kuna kama layi ɗaya ku ɗage madogaran ya baje ya yi barcinsa. Iyali mai yara ƙanana sau da yawa ikonomi ya fi musu.

Sai yadda ake saye. Ka fara duba farashin ajin biyu a lokacin yankan tikiti, wani lokacin musamman lokacin hutun makarantu ikonomi yana cika ya yi tsada har tazarar ta ragu sosai, kuma ka tabbata da tikitin ikonomi mai jaka da zaɓen kujera kake kwatantawa, ba mai arhar nan da babu komai a cikinsa ba. In tazarar ta yi yawa ka yanki ikonomi ka sa ido, kamfanoni da yawa suna turo imel kwanaki kaɗan kafin tafiya su ce ka taya, kai zaka faɗi abin da zaka iya ƙarawa su kuma su karɓa ko su ƙi, ka taya daidai ƙarfinka kar ka biye wa kibiyar nan ta shafin tayin da take nuna maka wai tayinka ya yi rauni. Lokacin cekin ta waya, wanda yawanci ake buɗewa awa 24 kafin tashi, shima ana samun tayi, haka a kantar cekin a filin jirgi, tambaya bata ɓata komai. Sai dai sashen ƙarami ne, layuka kaɗan ne, a hanyoyin hutu kuma yana saurin cika, in kasan jikinka ba zai ɗauki ikonomi ba kar ka tsaya jiran sa'a, saya tun farko. Kuma in a kanta aka ɗaga ka, ka tambaya ko ƙarin jaka yana ciki don sau da yawa kujerar kawai ka saya.

Kafin ka biya ka karanta kowane zango da idonka. Akwai tikitin da za a rubuta firimiyam a sama da manyan baƙaƙe amma in ka buɗe ciki sai kaga zango ɗaya ne kawai, wani lokacin ma gajeren, dogon kuma a baya aka saka ka. Ba kowane kamfani ne yake da ajin ba, Qatar Airways misali ba su da shi, waɗanda suke da shi ma ba a duk jiragensu ba, kuma in haɗin gwiwa ne ka duba wane kamfani ne zai tuƙa jirgin a zahiri. Ka ajiye rasit da hoton kujerar da ka zaɓa a waya, saboda ana canza jirgi a kawo wanda babu wannan sashen. In hakan ta faru a jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar Turai, dokarsu ta ce a mayar maka da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon in tafiyar ta haura kilomita 3,500, a sauran wurare kuma ka nemi a biya ka bambancin kuɗin, ka rubuta musu da lambar tikitinka da katin shiga jirgin da ya nuna inda aka zaunar da kai.