Kurakuran da ɗaliban harkar otal suka fi yi a furojek na bincike da lissafi, da yadda ake gyara su

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara in lokacin furojek ya zo, ɗakina a Aboabo sai ya koma kamar aji, yaran unguwa masu karatun harkar otal da girki, wasu a Kumasi Technical University wasu kuma daga Cape Coast in sun zo hutu, kowa da laftof ɗinsa da fuska a yamutse, wai SPSS, wato manhajar kwamfuta ta lissafin bincike, ya ƙi ba su abun da suke so. Na yi shekaru a resefshan na wani otal a nan Kumasi kafin in koma makaranta, kuma abun da nake gani kullum shi ne ɓarnar ta riga ta faru tun ranar da aka zaɓi take da ranar da aka raba takardar tambayoyi, kwamfuta kuwa abun da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

Na farko shi ne take mai faɗi kamar kasuwar Kejetia. Yaro zai zo da "tasirin kyakkyawar hidima a kan gamsuwar baƙi a otal-otal na Gana", alhali wata uku gare shi da kuɗin mota da bai wuce na zuwa Adum ya dawo ba. Wane otal? Mai tauraro huɗu ko gidan saukar baƙi mai ɗaki goma? Ka rage shi ya zama abun da ƙafarka za ta iya takawa, misali yadda saurin karɓar baƙo a resefshan yake shafar niyyarsa ta sake dawowa, a ƙananan otal na yanki ɗaya. Kuma kar ka ƙirƙiro jerin otal ɗin daga kanka, Ghana Tourism Authority, wadda dokar yawon buɗe ido ta 2011 ta kafa, ita ke ba su lasisi tana kuma kasa su mataki-mataki, ka karɓi wasiƙa daga dipatman ɗinku ka je ofishinsu na yanki ka nemi jerin masu lasisi, daga nan ne za ka ciro waɗanda za ka shiga.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya da ni, maganar su wa ka tambaya da kuma yaushe. Bara wata ƙanwarmu ta zo min da takardu cike da leda, ta ce "Yaya, don Allah ka duba min, sakamakon ya nuna wai kusan duk baƙin otal ɗin nan dare biyu suke kwana kuma babu ruwansu da intanet." Na ce da ita yaushe kika raba? Ta ce Asabar da Lahadi, don ranakun ne ba ta da lakca. To duk wanda ya san Kumasi ya san me ke cika otal a ƙarshen mako, bikin binne gawa na Asante ne, tun daga Juma'a za ka ga mutane da baƙaƙe da jajayen zannuwa suna sauke kaya, su kwana biyu su tafi. Ɗan kasuwan da ke zuwa Talata da laftof yana faɗa a kan wayfai, ko ɗaya bai shiga ledarta ba. Haka in ka raba a makon Akwasidae, bikin gargajiyar Asante da ake yi a fadar sarkinsu ta Manhyia duk bayan sati shida, ko a Disamba lokacin da 'yan ƙasar waje ke tururuwa, abun da ya ƙaru sosai tun Year of Return na 2019, shekarar da Gana ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙasashen waje su dawo gida, hoton lokacin kawai ka ɗauka. Gyaran bai da wuya: ka raba ranakunka, wasu a tsakiyar mako wasu a ƙarshe, safe da yamma, ka kuma sa ƙa'ida tun kafin ka fara, misali duk baƙo na uku da ya zo miƙa makulli shi za ka roƙa, ko ya yi maka murmushi ko bai yi ba. In kuma ba ka samu yin haka ba, duk wanda ya yarda shi ka ba, to ka rubuta gaskiya a babi na uku cewa zaɓin sauƙi ka yi. Kar ka rubuta "randam", domin randam yana nufin kowa na da damar fitowa daidai da ta kowa, kamar an jefa ƙuri'a, kuma a ranar difens, wato ranar kare furojek a gaban malamai, tambayar farko kenan da za a yi maka.

Sai yawan mutanen. Kowa ya haddace fomular Yamane ta 1967, wadda ake lissafa yawan mutanen da za a tambaya da ita, amma kaɗan ne suka san me suke sawa a ciki. Tana buƙatar ka san jimillar mutanen da kake magana a kansu. In ma'aikata ne, a ce su 500 a otal ɗin da ka zaɓa, kana kuma yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, sai ka raba 500 da 2.25 (wato 500 sau 0.05 sau 0.05, a ƙara 1), ka samu 222. In baƙi ne kuwa, su kamar ruwan famfo suke, yau wasu gobe wasu, don haka sai ka roƙi manaja ya duba rajista ya gaya maka adadin da suka sauka a wata ɗaya ko uku, shi ne jimillarka. Na sha ganin wanda ya ɗauko yawan mutanen Gana na ƙidayar 2021, miliyan 30.8, ya zuba a fomular don binciken otal uku, wannan ba ya nufin komai. Lambar nan 384 da kuke kwafa daga teburin Krejcie da Morgan na 1970 ita ma ta jama'a mai yawan gaske ce, kuma duk lissafin nan an gina shi ne a kan cewa zaɓinka na ƙuri'a ne.

Takardar tambayoyin kanta, a nan ake kwafe-kwafe ba tunani. Ma'aunin ingancin hidima na SERVQUAL da Parasuraman da Zeithaml da Berry suka fitar a 1988 yana da tambayoyi 22 a ƙarƙashin ɓangarori biyar, yana da kyau, amma an tsara shi ne a Amurka da kwastomomin banki da kamfanin waya da makamantansu, dole ka gyara shi ya dace da gidan baƙi a Tafo inda babbar damuwar baƙo ita ce ko janareta zai tashi in an ɗauke wuta, ko ruwan zafi zai zo da asuba. Ka guji tambaya mai kai biyu irin "abincin yana da daɗi kuma yana da araha", domin wanda ya ci wake da shinkafa mai daɗi amma aka caje shi da tsada, ina zai sa alama? Ka raba ta biyu. Sannan harshe, wannan yana ci min rai wallahi. Masu wanki da masu gyaran ɗaki da yaran kicin da yawa Turancinsu kaɗan ne, Twi suke ji ko Hausa ko Dagbani ko Frafra, sai a miƙa musu takarda da dogon Turanci su yi ta sa alama a layi ɗaya don kunya. Ka fassara, ka ba wani daban wanda bai ga na asalin ba ya mayar da ita Turanci, ku gwada ku ga ko ma'anar ta kauce, in ya zama dole ka zauna ka karanta musu da bakinka. Kafin ka buga kwafi ɗari biyu ka gwada da mutum goma ko sha biyar tukuna, za ka sha mamakin tambayar da kai kake ganin a fili take su kuma suka fahimce ta a juye.

Kuma kar ka tambayi ma'aikaci maganar albashi ko yadda ake mu'amala da shi manaja na tsaye a kansa, ko ka ba manajan takardun ya raba ya tattara maka. Ni na yi aikin, na san abun da mutum zai rubuta in yana tsoron abincinsa. Ka ba su ambulan, kar a sa suna, ka karɓa da hannunka. Sunayen baƙi da lambobin wayarsu da ke rajista ma ba naka ba ne, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, adadi kawai kake buƙata.

Maganar zama a gindin bishiya ka cike takardun da kanka da biro kala uku kuwa, ƙarya ce, haramun ce, kuma tana fitowa a lissafi. In 140 ka samu maimakon 222, ka rubuta 140 ka faɗi dalili.

To an zo wajen kwamfuta. Ka sa namiji 1 mace 2, sai ka ciro matsakaici ka rubuta 1.4, me kenan? Waɗannan lambobin laƙabi ne kawai, adadi da kaso ake bayarwa. Wani ya sa 99 a gurbin wanda bai amsa ba amma ya manta bai gaya wa SPSS ba, sai ga matsakaicin shekarun baƙi ya yi sama ba dalili. Wani yana da tambaya mai juyi a ma'aunin Likert, wato na ba da maki gwargwadon yarda ko rashin yarda, irin "ma'aikatan ba sa kula da ni", bai juya makinta ba kafin ya haɗa da sauran, sai alfa ta Cronbach, mai nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, ta faɗo ƙasa da 0.7 ɗin da ake so ya rasa dalili. Kafin kowane gwaji ka fitar da teburin adadi na kowace tambaya ka bi shi da ido, rabin kurakuran a nan za ka kama su. Matsakaici ma yana yaudara: baƙi biyar sun kwana 1, 1, 2, 2, na biyar ɗan kwangila ne ya yi dare 24, matsakaicin ya zama 6, alhali babu wanda ya kwana shida a cikinsu. Lambar tsakiya, wato 2, ita ce ta faɗi halin gidan.

Lissafin otal ɗin kansa, abun kunya ne ɗalibin wannan fanni ya rikita shi, amma ana rikitawa. A ce otal mai ɗaki 40 ne, wata mai kwana 30, daren ɗaki 1,200 kenan ake da shi na sayarwa. An sayar da 720, cikar ɗakuna kashi 60 cikin 100. Kuɗin ɗakuna ya kama sidi 288,000, in ka raba da 720 da aka sayar ka samu 400, shi ne ADR, wato matsakaicin kuɗin ɗakin da aka sayar a dare, in ka raba da 1,200 gaba ɗaya ka samu 240, shi ne RevPAR, wato kuɗin da kowane ɗaki ya kawo a dare, an kwana a ciki ko ba a kwana ba. Yanzu maƙwabcinsa ya karya farashi zuwa 250 ya cika kashi 90, ɗalibi zai rubuta wai wannan ya fi samun ciniki, amma RevPAR ɗinsa 225 ne, ga ƙarin wankin zannuwan gado da wuta da sabulu. Kuma kar ka haɗa kuɗin abinci da na hayar zauren biki a cikin kuɗin ɗaki, ka tambayi akanta ya ware maka su.

Sai lambar p, mai taimaka maka gane ko sakamakonka dace ne kawai, da ake yi wa kallon hukuncin alƙali. In SPSS ya nuna .000 ba sifili ba ne, ka rubuta cewa ta gaza 0.001. In ta haura 0.05 furojek ɗinka bai lalace ba, ba ka samu isasshiyar hujja ba ne a kan abun da ka zata, kuma wannan ma sakamako ne da za ka tattauna, kar ka koma kana taɓa lambobi don ta sauko. In ta gaza 0.05 kuma ba ta ce bambancin babba ne ba, ka duba girmansa, maki 4.1 da 4.2 ba za su sa wani manaja ya canza komai ba. A gwajin kai-sukwaya, wanda ake duba alaƙar rukuni da rukuni da shi, ka leƙa ƙasan teburin, in akwatuna da yawa adadin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba, ka haɗe rukunan da suka yi kusa da juna ka sake. Haka nan in ka ga otal masu horar da ma'aikata su ne baƙinsu suka fi gamsuwa, ka ce abubuwan biyu suna tafiya tare, kar ka yi saurin cewa horon ne ya jawo, mai yiwuwa otal mai kuɗi ne, shi ke iya biyan horo kuma shi ke da janareta da katifa mai kyau.

Ƙanwar nan tamu ta koma otal ɗin ranakun Talata da Laraba har sati uku, da ƙa'idar baƙo na uku, ta ƙara tambaya ɗaya a kan dalilin zuwa Kumasi. Da ta kasa amsoshin gida biyu sai ga shi masu zuwa kasuwanci kukansu intanet ne da jinkirin ba da rasit, masu zuwa binne gawa kuma wurin ajiye mota da ruwan wanka da sassafe. A babi na biyar ta rubuta wa manajan shawara uku kacal, kowace da lambar teburin da ta fito daga ciki, ta kuma buga masa shafi ɗaya ta kai masa da hannunta kamar yadda ta yi alkawari ranar da ya ba ta izinin tsayawa a resefshan.