Yadda Ake Kallon Tsohon Fim ɗin Kareti Mai Waƙoƙi

Da farko dai, kada ka kalle shi kai kaɗai. Na taɓa gwadawa, barci ya kwashe ni. Tara abokai uku ko huɗu bayan isha'i, a sayo tsire, a ajiye wayoyi gefe.

Ni da The Last Dragon na 1985 nake cewa a fara. Ba Canis ba ne, na Amurka ne, kuma Berry Gordy wanda ya kafa kamfanin waƙa na Motown ne ya shirya shi, shi ya sa kiɗa ya yi masa katutu. Jarumin, Leroy, saurayi ne baƙar fata a birnin New York wanda son Bruce Lee ya juya wa kai, har gugguru ma da tsinkayen cin abincin 'yan Sin yake ci a silima. Bos ɗin kuwa, Sho'nuff, ga uban gashi, ga tabarau, ga cika baki, yaransa na yi masa amshi kamar maroƙa.

Ƙure sautin. In aka jingine labari aka sako waƙar DeBarge, wasu mawaƙan Amurka 'yan gida ɗaya, kada ka kuskura ka tura gaba, nan daɗin yake. Mu da muka taso da fim ɗin Indiya ai wannan ba baƙon abu ba ne.

Sannan ka daina tambayar "ta yaya?". A faɗan ƙarshe jikin Leroy haske yake fitarwa, har harsashi ya cafe da haƙori. Ƙanena ya ce wallahi ƙarya ce. Muka ce ya rufa mana baki, muka mayar baya muka sake kallo, sau uku.