Babi na Shida: Daga Ciwon Hannu Zuwa Komawa Lambu

Wannan babi naku ne, ku masu lambu, ko a bakin kogin Dilimi na Jos kuke noman rani, ko kusa da tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru, ko kuwa 'yan komaye ne kawai a bayan ɗaki. Lauje yakan yanka, adda takan zame, bel ɗin injin ban-ruwa yakan kama yatsa. Ku karanta a hankali, layi bayan layi, kuna bi da yatsa. In kalma ta ƙi fita, ku sake komawa kanta. Babu mai yi muku dariya a nan.

Darasi na 1: Ranar da aka ji ciwo

Da farko a tsayar da jini. A samu ƙyalle mai tsabta a danne bakin ciwon da shi, a ɗaga hannun sama ya wuce tsayin ƙirji. A ci gaba da dannewa har minti 10. Wannan lamba, 10, ita ce goma: ɗaya da sifiri a gefenta. Kada a riƙa ɗaga ƙyallen ana leƙawa. In jini ya jiƙa shi, a ɗora wani a kai, kada a cire na farkon.

In akwai zobe a yatsa, a zare shi nan take, tun hannu bai kumbura ba.

Bayan jini ya lafa, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu. Ruwa mai tsabta shi ne wanda za ka iya sha. Ruwan kududdufi da na kogin da muke ban-ruwa da shi ba ya cikin lissafi. In ba wani ruwa a lambu, a sayi na leda biyu ko uku, a huda, a matsa a kan ciwon har ƙasa ta fita.

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya yanke a gindin babban yatsa yana yankan kabeji. Ya debi toka ya cusa, ya yagi gefen tsohon buhu ya ɗaure, ya ci gaba da aiki don motar kasuwar Farin Gada tana jira. Bayan kwana huɗu ya zo aji hannun ya yi suntum, yana sheƙi, ko fensir ya kasa riƙewa. Na ce masa, "Baba, yau ba karatu, asibiti za mu." Sai da aka tsaga aka fitar da mugunya. Saboda haka ban da toka, ban da ƙasa, ban da kashin shanu, fetur, baƙin mai ko ruwan batir. Ko ɗaya daga cikinsu ba magani ba ne.

A tafi asibiti ran nan, ba gobe ba, in ciwon ya yi zurfi, ko ya buɗe baki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko wani yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu ba a jin taɓi a jikinsa. Mai ciwon suga kuwa ya je ko da yankan ƙarami ne, domin ciwonsa yakan daɗe bai warke ba.

A can ku tambayi allurar tetanos. Tetanos ita ce cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato cikin takin da muke zubawa da hannunmu, kuma takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan ciwon. Allurar takan kare mutum kimanin shekara 10, amma in ciwon mai datti ne kuma an wuce shekara 5 da yin ta ƙarshe, akan sake. In kun manta yaushe aka yi muku, ku ce kun manta.

Darasi na 2: Karanta kati da ledar magani

A jikin ledar magani sau da yawa za ku ga an rubuta 1 - 1 - 1. Ma'anarsa ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Ba uku a lokaci ɗaya ba. In kun ga 1 - 0 - 1, to da rana ba a sha, domin sifiri yana nufin babu. Ku shanye maganin har ya ƙare, ko da zafi ya tafi.

A kan kati akwai ranar komawa. In an rubuta 14/2, lambar farko rana ce, ta biyu wata: ranar 14 ga Fabrairu. Ɗinkin hannu akan cire zarensa bayan kwana 10 zuwa 14. Ba a cire shi a gida da reza.

In an sa siminti ko ɗori, ku riƙa duba ƙarshen yatsu. In sun yi sanyi, sun sauya launi, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ɗaurin ya matse. A koma a sassauta shi ran nan.

Darasi na 3: Motsa yatsu

Nan ne aikin yake, nan ne kuma na fi ganin ana tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kai.

Hannu ɗaya yana da ƙashi 27, da jijiyoyin da ke jan yatsu kamar igiya. In ya kwana biyu a ɗaure ba motsi, sai ya ƙage. Fata ta warke, amma yatsu sun ƙi rufuwa a kan ƙota. Maganin wannan shi ne motsi kaɗan-kaɗan, kullum.

Amma kada a fara sai likita ya ce a fara. Wanda aka ɗinke wa jijiya, nasa daban ne: jijiya takan ɗauki kimanin mako 12 kafin ta iya aiki mai nauyi, kuma in aka ja ta tun da wuri tana iya sake tsinkewa. Shi ya bi abin da masu gashin ƙashi suka nuna masa kawai. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

In an ba da izini, ga yadda ake yi. Ku zauna. Ku kafa gwiwar hannu a kan tebur ko a kan cinya, yatsu suna kallon sama. Ku miƙe yatsu sak. Yanzu ku rufe su a hankali, kamar mai dunƙule tuwo, har iyakar inda suka yarda su je. Ku tsaya a nan ku ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sannan ku buɗe, ku buɗe duka, har yatsu su koma sak yadda suka fara. Ku sake ƙirga biyar. Wannan duka shi ne sau ɗaya.

Ku lura da kyau. Rufewa, ƙirga biyar, buɗewa, ƙirga biyar. Sai an yi huɗun nan ne ake cewa an yi sau ɗaya. Ana so a yi sau 10.

Mu sake tare. Rufe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Buɗe duka. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Madalla, sau biyu ke nan.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne sauri. Mutum ya riƙa rufewa da buɗewa kamar mai kiran yaro daga nesa, cikin ƙiftawar ido ya ce ya gama goma. Bai yi ko ɗaya ba. Tsayawar nan ta ƙirga biyar ita ce take sa jijiya ta miƙe. In ba a tsaya ba, an dai kaɗa hannu ne kawai. Ku ƙirga da ƙarfi yadda na kusa da ku zai ji, domin mai ƙirgawa a zuci yakan tsallake uku da huɗu.

Kuskure na biyu shi ne buɗe rabi. Kowa hankalinsa yana kan rufewa, saboda da rufewa ake riƙe fartanya. Wata baiwar Allah a ajin mata ta yi mako uku tana ƙoƙari, tana rufewa da kyau, amma ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun zauna a lanƙwashe kamar ƙugiya. Na ce, "Inna, ɗora tafinki a kan bencin nan." Ta ɗora, sai muka ga fensir yana wucewa ta ƙarƙashin yatsun nan biyu. Tun daga ranar muka mai da benci ma'auni. Ku ma ku yi haka: bayan kowane buɗewa ku shimfiɗa tafin hannu a kan tebur, ku duba ko kowane yatsa ya kwanta. In bai kwanta ba, ku taimaka masa da ɗaya hannun a hankali, ku ƙirga biyar. Yau ba zai kwanta duka ba, kuma wannan ba laifinku ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu sake. Rufe a hankali. Ƙirga biyar. Buɗe duka. Ƙirga biyar.

Za ku ji ja, kamar roba tana miƙewa. Wannan babu laifi. Amma in kuka ji suka kamar an caka ƙaya, ko wani abu ya yi ƙas, ku dakata nan take, ku koma wurin likita. Ba a yin jarunta da wannan.

In an gama goma, sai babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga manuniya har ƙarami, a dawo. Shi ma bayan kowane taɓi a buɗe hannu duka.

Sau nawa a rana? In likita bai faɗi wani adadi ba, ku haɗa shi da sallolin farilla, sai ya zama sau 5 ba mantuwa. Ku ja layi ɗaya a littafinku duk lokacin da kuka yi. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yakan ƙara ƙage hannu da asuba, don haka in ciwon ya rufe sarai, ku tsoma hannun cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci kafin ku fara. Ku gwada zafin ruwan da hannu mai lafiya, domin yatsan da bai gama dawowa ba yana iya ƙonewa ba ku ji ba.

Na faɗa sau da yawa, zan kuma ƙara. Wasunku sun zo makon jiya littafinsu fari fat, ba layi ko ɗaya, suna cewa hannu ya ƙi. Ba hannu ne ya ƙi ba. Ba ku yi ba ne. Mutum ya iya zaman awa biyu a majalisa amma ya rasa minti biyar na yatsunsa? Ni ba zan iya motsa muku ba, likita ma ba zai iya ba. Rufe, biyar, buɗe duka, biyar. Sau goma. Wanda ya tsaya, ya fara yau, ba a makara ba.

Darasi na 4: Makon farko a lambu

Ba a shiga ƙasa da ciwo a buɗe. Sai fata ta haɗe, ba ruwa, ba mugunya.

Ku fara da aikin yatsu, ba na ƙarfi ba: cire ƙananan ciyawa a komin da aka jiƙa, dashen latas, tsinkar koren wake. Minti 15 ya isa ranar farko. In washegari hannu bai kumbura ba, ku ƙara kaɗan. In ya kumbura, ku huta kwana ɗaya, ku rage.

Ruwa yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Lita 1 kilo 1 ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, rabin buhun takin zamani mai kilo 50. Ku cika butar ban-ruwa rabi, ku ɗauka da hannu biyu. Huɗa, sara da jan igiyar inji ku bar wa ɗa ko maƙwabci tukuna. Na san ganin tumatir yana nuna ba mai tsinka yana da ciwo, amma na ga waɗanda gaggawa ta mayar da su kwance wata guda.

Kafin a fara aiki da bayan an tashi: rufe, biyar, buɗe duka, biyar.

Darasi na 5: Ƙota da safar hannu

Ƙota siririya tana wahalar da hannun da bai gama rufuwa ba. Ku naɗa mata ƙyalle ko robar tsohon tub har ta yi kauri. Ku wasa lauje, domin dakusasshe shi ya fi zamewa. Ku sa safar hannu in za ku taɓa taki ko maganin feshi. Tabo sabo fatarsa ba ta da kanta, ku riƙa murza shi da man kaɗe da dare.

Darasi na 6: Aikin rubutu

Ku kwafi waɗannan kalmomi a littafinku, kowace sau uku: hannu, yatsa, lambu, ƙota. Ku kula da ƙugiyar da ke kan ƙ. Ku rubuta lambobi daga 1 zuwa 10. Ku zo da littafin layukanku ranar Asabar in duba.