Kafin ku nemi tallafin lambun haɗin gwiwa

Jama'a, ga shawara ga masu neman kuɗin kafa lambun gari. Kuɗin farko da ya shigo, ruwa da shinge za ku fara yi da shi. Iri ba shi da tsada, kuma wake da kuɓewa da tumatir ana iya ajiye irinsu a shuka baɗi, in dai ba na haɗi ba ne, wato wanda aka samar ta hanyar barbarar iri biyu. Amma lambun da ba shi da rijiya, rani na shigowa ya mutu, kuma awaki kan gama da fangali a dare ɗaya.

Famfo mai aiki da hasken rana da tsada a farko, sai dai ya raba ku da sayen mai kullum.

A rubuta yarjejeniyar fili da shaidu, har da yawan shekarun. Mai fili kan canza magana in ya ga an haƙa rijiya.

Sannan ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum 2 ko 3, don masu ba da tallafi ba kasafai suke damƙa wa mutum ɗaya kuɗi ba. Duk cinikin da aka yi, a ware wani kaso don gyaran famfo tun bai lalace ba.