Prestissimo: kurakuran da masu koyon piyano suka fi yi

A cikin kalmomin Italiyanci da ake rubutawa a saman takardar kiɗa, prestissimo ce ta fi kowace nuna sauri. Ta fito daga presto, wadda ake kaɗawa tsakanin bugu 168 zuwa 200 a minti ɗaya. Prestissimo kuwa daga 200 ne zuwa sama. An fi samunta a ƙarshen kiɗa, kamar rufewar Simfoni ta 9 (babban kiɗan taron makaɗa) ta Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ta 1824 da sashen ƙarshe na sonatarsa (kiɗa mai sassa da yawa) ta farko ta piyano.

Kuskuren farko shi ne rashin duba wace nota ake ƙirgawa. Wancan sashen sonatar bugu biyu ne a kowane gida (yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa), wato farar nota mai sanda ake ƙirgawa, ba baƙa ba, wadda tsawonta rabin na farar ne. Idan ka saita metronom, na'urar ƙirga bugu, a 100 a kan farar nota, ka riga ka kai 200 a baƙa, kuma hannun hagu na buga nota shida a kowane bugu, goma ke nan a daƙiƙa ɗaya. Mai saita 200 a kan farar nota ya ɗora wa yatsunsa abin da ba zai yiwu ba.

Na biyu, fara bita da cikakken sauri. Yatsu suna haddace kuskure kamar yadda suke haddace daidai. Fara da rabin saurin, ka ɗauki gida huɗu kacal. Idan sun fita tsaf sau uku a jere, ƙara 4 a metronom. Idan nota ta ɓace, koma baya da 8. Sauri ya haifi nawa, a nan kam gaskiya ne.

Sai ƙamewar jiki, wadda ta fi komai ɓarna. Da sauri ya ƙaru, kafaɗa ta ɗaga, wuyan hannu ya sandare, ƙaramin yatsa ya miƙe sama. Bar yatsu kusa da makullan, ka bari juyawar hannu ta ɗauki nauyin. Da ka ji zafi a hannu, tsaya nan take.

Yawan taka fedar dama, mai tsawaita sauti, ma yana cakuɗa sautuka su zama hayaniya. Ɗaga ta ka sake takawa duk inda sautukan ƙasa suka sauya, kuma a zaure mai amsa-kuwwa ka ɗan rage saurin don mai sauraro ya ji kowace nota.